LEBURAN YINI A SAMARU DA SABON GARI: ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADAR MASA

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Samaru ta ratsa Palladan da Kwangila har ta shiga Sabon Gari da sanyin safiya, zai yi ta cin karo da mutanen da suka fito neman abincin yini. Wasu sun nufi gidajen bulo da shebur a kafaɗa, wasu suna dawowa daga gidajen burodi inda suka kwana a bakin tanderu. Mata da 'yan mata sun doshi gidajen ruwan leda da na sabulu, samari kuwa sun nufi injin tsaga katako, ko na casar shinkafa, ko rumfar mai walda. Yawancinsu ba su da takardar ɗauka aiki, ba su kuma jiran albashi a ƙarshen wata. In rana ta faɗi sai a ƙirga musu abin da aka yi ciniki a kai, gobe kuwa sai yadda hali ya yi.

Abin da jama'a da yawa suka ɗauka shi ne irin wannan ma'aikaci ba shi da wani hakki a gaban doka, tun da ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Shi kansa leburan haka ya yarda, maigidansa ma haka ya yarda. Amma wanda ya buɗe dokokin ƙwadago na Nijeriya zai tarar magana ba haka take ba. Akwai inda doka ta tsaya wa leburan yini sosai, akwai kuma inda ta bar shi a rana. Ya kamata mai karatu ya san duka biyun, domin a cikin ikkilisiyoyinmu na Samaru da Muchiya da Chikaji da Basawa, mai gidan bulo da yaron da yake kwaɓa masa siminti sau da yawa benci ɗaya suke zama ran Lahadi.

GARIN DA MA'AIKATA SUKA RAYA

Tun asali Sabon Garin Zariya garin ma'aikata ne. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, mutane suka yi ta kwararowa daga kudu da arewa domin aikin reluwe da dako da hidimar kantunan Turawa, aka kuwa yanka musu wurin zama a wajen ganuwar birni, kusa da tashar jirgi. A wannan zamani ne aka kafa injin gurzar auduga, a 1959 kuma kamfanin taba ya buɗe masana'antarsa a garin. Samaru ita ma aiki ne ya raya ta, daga tashar binciken aikin gona da aka buɗe a 1922 zuwa Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962.

A wancan lokaci burin lebura shi ne wata rana a mai da shi cikakken ma'aikaci, mai lamba da albashi da hutun shekara. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 wannan buri ya yi ta nisa. Manyan masana'antun Arewa suka yi ta rage ma'aikata, wasu suka rufe gaba ɗaya. A Kaduna masaƙar farko ta garin ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Waɗanda suka rasa aiki a irin waɗannan wurare, da 'ya'yansu da suka taso, da yawansu ƙananan masana'antu ne suka karɓe su, watau wuraren da mutum biyar ko goma ko ashirin suke aiki a ƙarƙashin maigida ɗaya. A nan ne maganar hakki ta fi wuya, domin ba ƙungiya, ba ofishin ma'aikata, sai kai da maigida.

WANE NE MA'AIKACI A IDON DOKA?

Babbar dokar da ta shafi wannan magana ita ce Dokar Ƙwadago, wadda aka fara kafawa a 1974 zamanin Janar Yakubu Gowon, tana nan kuma cikin kundin dokokin Tarayya na 2004. Sashe na 91 ya bayyana wanda ake kira ma'aikaci. Duk wanda yake yi wa wani aikin ƙarfi ko na akawu bisa yarjejeniya ma'aikaci ne, ko a rubuce aka yi yarjejeniyar ko da baki, ko ma ba a furta ta ba amma halin da ake ciki ya nuna akwai ta. Ke nan ranar da maigida ya ce wa mutum ya shigo ya kama aiki a kan kuɗi kaza, shi kuma ya kama, an ƙulla yarjejeniya wadda doka ta sani. Dokar ba ta ware wani mutum ta ce wannan leburan yini ne, ba ruwanta da shi ba.

LADAN GUMI

Game da lada, dokar ta faɗi abubuwa da dama a fili. Na farko, da kuɗi ake biyan ma'aikaci. Ba a haɗa shi da burodin da ya yi kwantai ko bulon da ya fashe a ce ya je ya sayar ya ɗauki ladansa. Na biyu, lada yakan zama bashi a kan maigida da zarar lokacin da aka yi alkawari ya cika. In aikin yini ne, a ƙarshen yini, in na mako ne, a ƙarshen mako, ko yaya kuma aka shirya, kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya.

Na uku shi ne maganar yanke kuɗi, wadda ta fi kowace jawo rigima a ƙananan masana'antu. Bulo ya fashe a hannun yaro, a yanke. Burodi ya ƙone, a yanke. Ledar ruwa ta ɓalle, a yanke. Sashe na 5 ya hana maigida cin ma'aikaci tara yadda ya ga dama. In ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko ta sakaci, maigida yana iya cire wani abu daidai gwargwado, amma sai ya fara samun izini a rubuce daga jami'in ƙwadago. Bugu da ƙari, duk abin da za a cire daga ladan mutum a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya samu a wannan wata. In kuwa maigida ya ba ma'aikaci wani abu daga ladansa tun kafin lokacin biya, ba shi da ikon ɗora masa ruwa a kai.

Akwai kuma hutu. Wanda yake aikin awa 6 ko fiye a yini yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba a tsakani, ko a haɗe ko a rarrabe. A cikin kowane kwana 7 yana da hutun yini guda cur, awa 24 ba yankewa. Awoyin da aka ɗora a kan waɗanda aka saba aikin ƙarin lokaci ne. Har ila yau sashe na 17 ya ce in ma'aikacin da ake tare da shi ya zo wurin aiki lafiya lau, maigida ya kasa ba shi aiki, to sai ya biya shi ladan wannan rana. In abin da ya tsai da aikin ya fi ƙarfin maigida, dokar ta sassauta masa na ɗan lokaci, amma ladan ranar farko yana nan a kansa. Masu aiki a wuraren da inji yakan kwana biyu shiru saboda rashin wuta ko rashin kayan aiki ya kamata su san wannan.

WATA UKU DA TAKARDA

Sashe na 7 shi ne wanda aka fi ambata in ana maganar leburori. Ya ce kafin ma'aikaci ya wuce wata 3 da fara aiki, wajibi ne maigida ya ba shi takarda mai ɗauke da sunan maigida, da sunan ma'aikaci da adireshinsa, da ranar da aka ɗauke shi, da irin aikin, da yawan lada da yadda ake lissafa shi da lokacin biya, da awoyin aiki, da hutu, da abin da za a yi in ya yi rashin lafiya, da tsawon notis na rabuwa.

Wasu sukan ce wannan sashe yana nufin duk wanda ya yi wata uku ya zama ma'aikacin dindindin. Dokar ba ta faɗi haka da bakinta ba. Abin da ta wajabta shi ne takarda. Amma takardar nan tana da nauyi, domin ita ce take nuna ranar da mutum ya fara, yawancin sauran hakkoki kuwa da tsawon zama ake auna su. Dubi maganar notis a sashe na 11. Wanda bai wuce wata 3 ba, notis na kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Daga shekara 5 zuwa sama, wata ɗaya. Notis na mako ɗaya ko fiye a rubuce ake ba da shi, in kuwa ana so a rabu nan take sai a biya kuɗin kwanakin, sai fa in babban laifi ne ya jawo korar. Wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki tare da biya. Wanda rashin lafiya ta kwantar, likita kuma ya ba da shaida, yana da ladan har kwana 12 na aiki a shekara.

Alal misali, a ce mutum ya shekara huɗu yana sarrafa injin bulo a wuri ɗaya, kullum da yamma ake biyansa. Ran nan maigida ya ce daga gobe kada ya ƙara zuwa. A ganin maigida leburan yini ne, yini ya ƙare, magana ta ƙare. Amma ma'aikacin yana da hujjar cewa shekara huɗu ya yi, notis na mako biyu ko kuɗinsa ya kamace shi. Wannan ne ya sa waɗansu masu masana'antu sukan sallami leburori kafin wata uku ya cika, bayan 'yan kwanaki su sake ɗaukarsu kamar sababbi. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa takan duba ainihin yadda zaman ya kasance fiye da sunan da aka laƙaba masa, amma sai an kawo mata shaida.

INDA DOKA TA BAR SHI A RANA

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce maganar mafi ƙarancin albashi. A 1981 an tsai da shi a kan Naira 125 a wata, a 2011 ya kai Naira 18,000, a 2019 Naira 30,000, a watan Yuli na 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Naira 70,000. Sai dai dokar ta keɓe waɗansu wurare. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin jinga da ake biya bisa yawan abin da suka yi, ko masu aikin kamasho, ko masu aikin 'yan awoyi, ko masu aikin da yake zuwa da lokacinsa kamar noma. Duk wanda ya san gidajen bulo da na burodi na Hayin Dogo ko Dogarawa ya san ƙalilan ne suke da mutum 25, ga shi kuma jinga ake yi a yawancinsu, buhun siminti kaza, kuɗi kaza.

Saboda haka leburan ƙaramar masana'anta ba zai iya kai ƙara a kan ba a biya shi Naira 70,000 ba. Abin da ya rage masa shi ne ciniki. Duk da haka adadin yana da amfani a matsayin ma'auni. In aka raba Naira 70,000 a kan kwana 26 na aiki, za a sami kusan Naira 2,700 a yini. Maigidan da yake biyan ƙasa da wannan bai karya doka ba in mutanensa ba su kai 25 ba, amma ya san yana biyan ƙasa da abin da ƙasa ta ɗauka shi ne mafi ƙanƙanta.

Wani rauni kuma shi ne hukuncin da Dokar Ƙwadago ta tanada ya tsufa. Tarar karya sassan da suka shafi lada da takarda Naira 800 ce ga laifin farko, kuɗin da a yau bai kai na mudun shinkafa ba. Jami'an da za su zaga su duba kuwa ba su da yawa.

INJI BA YA SANIN LEBURA

Inda doka ta fi tsaya wa leburan yini shi ne maganar jikinsa. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗauki duk wurin da ake ƙera kaya ko gyara su ko sarrafa su domin ciniki a matsayin masana'anta, ko da mutum ɗaya ne aka ɗauka aiki a ciki. Ke nan rumfar kafinta mai injin yanka, da gidan niƙa, da gidan ruwan leda duk sun shiga. Dokar ta ce a yi wa wurin rajista. A rufe duk wani sashe na inji mai haɗari, kamar bel da haƙoran ƙarfe da zarto mai juyawa. Kada a sa sabon mutum a kan inji mai haɗari sai an koya masa an kuma sa ido a kansa. A tanadi ruwan sha mai tsabta, da wurin wanke jiki, da akwatin magani na taimakon gaggawa. Inda ake ƙura ko hayaƙi a yi hanyar fitar da su, inda aikin yake buƙatar safar hannu ko tabarau ko takalmi a ba ma'aikaci. In haɗari ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3, wajibi ne a sanar da sufeton masana'antu.

Dokar ta kuma hana kulle ƙofa yadda waɗanda suke ciki ba za su iya buɗewa su fita ba. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Jihar Legas, ma'aikata gommai suka mutu, rahotanni kuma suka nuna an kulle su ne a ciki. Mai gidan burodin da yake datse ƙofa da kwaɗo ya tafi gida ya bar yara da tanderu har asuba, wai don kada a saci fulawa, ya tuna da wannan.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. Wannan doka ta ambaci leburan wucin gadi da sunansa. Ta ce ma'aikaci ya haɗa da na dindindin, da na ɗan lokaci, da mai koyon sana'a, da wanda ake ɗauka jefi-jefi, har da ɗan aikin gida in ba dangin maigida ba ne. Ba ta kuma sa iyakar mutum 25 ba.

Ga yadda tsarin yake. Kowane maigida zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar ladan da yake biya a wata cikin asusun da hukumar inshorar ma'aikata, watau NSITF, take riƙe da shi. Wanda yake biyan ma'aikatansa Naira 300,000 a wata gaba ɗaya, Naira 3,000 ke nan zai zuba. Haramun ne ya cire wannan kuɗi daga ladan ma'aikaci, ba shi kuma da ikon sa ma'aikaci ya yarda ya yafe diyyarsa. In mutum ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, ko ya kamu da ciwon da aikin ne ya jawo shi, ko ƙarar inji ta kashe masa kunne, asusun ne zai ɗauki magani da diyya, ba sai an tsaya neman mai laifi ba. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada yana da kashi 90 cikin 100 na ladansa kowane wata. In rai ya yi halinsa, matarsa da 'ya'yansa ne za a riƙa biya.

Amma akwai wa'adi, a nan ne kuma mutane da yawa suke faɗuwa. Ma'aikaci, ko iyalinsa in ya rasu, zai sanar da maigida cikin kwana 14. Maigida zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, in mutuwa ce nan take. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita cikin shekara ɗaya. Abin da aka saba gani shi ne inji ya cinye yatsun yaro, maigida ya kai shi kemis ko asibiti ya biya kuɗin ɗinki, ya ba shi ɗan wani abu ya ce Allah ya kiyaye gaba. Iyaye su yi godiya, shekara ta wuce, sa'an nan a gane hannun ba zai ƙara riƙe shebur ba.

Ƙananan masana'antu da yawa ba su yi rajista da asusun ba, wannan kuwa yakan sa karɓar diyya daga can ta yi wuya. Laifin rashin rajista yana kan maigida. Ma'aikacin da sakacin maigida ya jawo masa rauni, kamar injin da aka bari ba marufi, yana da hanyar neman diyya a kotu daga aljihun maigidan kansa. Wanda ya ƙi zuba Naira 3,000 a wata yana iya wayar gari da shari'ar da za ta cinye injin da rumfar.

YARA DA MATA

Dokar Ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, ta kuma hana sa wanda bai kai 16 ba a kan inji. Iyayen da suke kai ɗansu koyon walda ko kafinta su sani dokar ta tanadi a rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, jami'in ƙwadago ya shaida ta, kada kuma ta wuce shekara 5. Rubutun nan shi ne yake hana yaro ya shekara takwas yana aikin banza ana ce masa lokacin yaye bai yi ba. Mace mai ciki tana da hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, in kuwa ta yi wata 6 tana aiki a wurin, za a biya ta aƙalla rabin ladanta a wannan lokaci. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a yini domin jaririnta.

INA ZA A KAI KUKA?

Matakin farko shi ne magana da maigida a gaban shaidu, ko dattijon unguwa, ko shugaban ƙungiyar masu wannan sana'a. Rigingimu da yawa a nan suke mutuwa. In abin ya ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kaduna, inda jami'an ƙwadago sukan kira ɓangarorin biyu su sasanta. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba ta kuma karɓar kuɗi. Akwai hukumar ba marasa ƙarfi lauya kyauta, wadda take aiki tun 1976. A nan gida kuma Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da take Kongo tana da ofishin ba da shawarar shari'a kyauta. Daga ƙarshe akwai Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un ƙwadago, tana kuma da reshe a Kaduna.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, Dokar Ƙwadago kuma ta hana korar mutum saboda ya shiga ƙungiyar ma'aikata. Leburori goma da suka je tare sun fi mutum ɗaya samun kunnen maigida.

LITTAFI DA BIRO

Duk wuraren nan da muka lissafa tambaya ɗaya za su fara yi wa mai kuka: ina shaidarka? Yaushe ka fara? Nawa aka yi ciniki? Wa ya ga lokacin da injin ya kama ka? A nan ne hakkin leburan yini yake mutuwa, domin maigida zai ce jiya-jiya ya zo, shi kuma ba abin da zai nuna.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kowane lebura ya sayi ƙaramin littafi, ya riƙa rubuta kwanan wata, da lokacin da ya kama aiki da lokacin da ya tashi, da abin da ya yi, da abin da aka biya shi, da abin da ya rage. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa da yamma. In ta banki aka turo kuɗin, kada a goge saƙon da ya shigo waya. In rauni ya faru, a je asibiti, a faɗa wa likita a wurin aiki ne abin ya auku domin ya rubuta haka, a adana kati da rasit, a ɗauki hoton raunin da na injin, a riƙe sunayen waɗanda suke wurin. A sanar da maigida a rubuce, ko da ta saƙon waya ne, kafin kwana 14 su cika. Kada kuma a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta wa mutum ya fahimta ba.

Masu ƙananan masana'antu su ma suna cikin matsi, ba mai musun wannan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin sufuri da na kayan aiki suka yi ta hawa, ga tsadar wuta da man inji. Amma yawancin abin da doka take nema a wurinsu bai kai kuɗin buhun fulawa ɗaya ba: rajistar masu zuwa aiki, takarda shafi ɗaya ga wanda ya kusa wata uku, marufi a kan bel, akwatin magani, ƙofa a buɗe, da kashi ɗaya cikin ɗari. Littafin da yake kāre lebura shi ne kuma yake kāre maigida ranar da wani ya zo da ƙaryar bashin da babu shi. Masu karatunmu sun san abin da Littafin Firistoci sura 19 da Wasiƙar Yakubu sura 5 suka faɗa a kan riƙe ladan ma'aikaci, ba sai mun maimaita ba.

Zai yi kyau ƙungiyoyin matasa da Zumuntar Mata a Samaru da Sabon Gari su keɓe rana ɗaya su gayyaci lauya ko jami'in ƙwadago ya yi wa jama'a bayanin waɗannan dokoki da Hausa, masu gida da leburori a zaune tare, kowa ya yi tambayarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye masu fita nema, ya komo da su gida da yatsunsu goma da ladansu a aljihu.